Masu cewa mu yi koyi da Biyetnam, wace Biyetnam ɗin kuke nufi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a kwalejin nan, musamman idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar karatun jarrabawa, ko mai abinci ta ƙara kuɗin faranti. Sai ka ji wani ya ce ai dimokuraɗiyyar nan ce ta kashe mu, a samu mutum ɗaya mai hannun ƙarfe kawai, ko jam'iyya ɗaya da ba a yi mata musu, ka ga aiki. In ka nemi hujja sai a jefo maka sunan China, wanda ya ɗan fi bin labarai kuma ya ƙara da Biyetnam. Wai ƙasar da Amurka ta yi wa ruwan bama-bamai ga ta yau tana ƙera wayoyin da ke aljihunmu, saboda 'yan gurguzu ba sa wasa.

Ni ban yarda da wannan fassara ba, kuma tarihin Biyetnam ɗin ne ya hana ni yarda.

Ƙasa ce doguwa siririya a gaɓar teku, faɗinta bai kai rabin Nijeriya ba, mutanenta kusan miliyan 100. Ta kori Faransa a 1954, aka raba ta biyu, sannan aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai ranar 30 ga Afrilu 1975 da dakarun Arewa suka shiga Saigon. Tun daga lokacin jam'iyyar Kwaminis ce kaɗai ke mulki. To ga tambayar da nake so masu son hannun ƙarfe su amsa mini: in ƙarfin hannu ne sirrin, me ya sa shekaru goman farko bayan yaƙin, lokacin da hannun ya fi kowane lokaci ƙarfi, su ne shekarun yunwa?

A waɗannan shekaru gwamnati ce ke yanke farashin kusan komai. Shinkafa, nama, sukari, yadi, duk da kati ake karɓa, a kan layi. An tura dubban ɗaruruwan mutanen tsohuwar gwamnatin Kudu sansanonin da aka kira na sake tarbiyya, wasu dubban ɗaruruwan kuma suka hau ƙananan jirage suka fantsama cikin teku, da yawa ba su kai gaci ba. A 1986 hauhawar farashi ta haura kashi 700 cikin ɗari. Mu da muka yi kukan kashi talatin a 2024, sai mu ƙiyasta.

Za a ce ai da takunkumin Amurka, da yaƙin Kambodiya, da karon da suka yi da China a 1979. Haka ne, duk sun taimaka wajen wahalar. Amma takunkumin nan ba a ɗage shi ba sai 1994, shinkafa kuwa ta yalwata tun 1989. Ke nan wani abu ne ya canza a cikin gida, kuma a gona ya canza.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bambancin gandu da gayauna. Gandu na gida ne gaba ɗaya, maigida ke iko da shi. Gayauna kuwa ɗan yankin da aka yanka maka ne, abin da ka noma naka ne. Abin da 'yan gurguzun Biyetnam suka yi shi ne mai da ƙauye sukutum gandu guda, jam'iyya ce maigida. Ana buga ƙararrawa a fita gona, a rubuta wa kowa makin aiki, a raba amfani bisa maki bayan gwamnati ta kwashi nata. Kashi biyar cikin ɗari kacal na ƙasar noma aka bar wa iyalai a matsayin gayauna. Sai ga shi daga wannan ɗan kashi biyar ɗin iyalai ke samun kaso mai tsoka na abin da suke rayuwa da shi, don nan suke kai taki, nan suke zuba ƙarfinsu. A gandun jam'iyya kuwa kowa lallaɓawa yake yi, tunda mai himma da malalaci kusan abu ɗaya za su kwasa. Bayan 1975 aka so a kai tsarin Kudu, yankin bakin kogin Mekong inda rumbun ƙasar yake. Manoman can suka ƙi. Wasu suka sayar da dabbobinsu ko suka yanka, don kada a haɗa da su cikin gandu.

Mutumin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne Kim Ngoc, sakataren jam'iyya na lardin Vinh Phuc. Tun 1966, ana tsakiyar yaƙi, ya lura da abin da kowane manomi ya sani, ya ba da izinin a danƙa wa kowane gida yankinsa ya noma, ya biya abin da aka yanka masa, ragowar tasa ce. Amfani ya ƙaru. Me ya samu? Manya daga Hanoi suka ce ya kauce wa aƙida, aka soke tsarin, aka sa shi ya soki kansa da kansa. Ya rasu a 1979 bai ga ranar da aka dawo kan maganarsa ba. Sai a 2009 aka ba shi babbar lambar yabo, shekara talatin yana kabari. Ku lissafa buhunan shinkafar da aka yi asara tsakanin 1966 da 1988 don kawai babu wanda ya isa ya ce wa na sama kun yi kuskure. Wannan ma hannun ƙarfe ne ya jawo shi, amma masu yabonsa ba sa sa shi a lissafi.

Abin da ya biyo baya daga ƙasa ya taso. Ƙauyuka suka riƙa raba gonaki a ɓoye, shugabanninsu na kau da kai, har abin ya sami suna a can, ana ce masa karya shinge. Da jam'iyya ta ga ba sarki sai Allah, sai ta bi bayan manoma. A 1981 ta halatta rabin abin. A babban taronta na Disamba 1986 ta shelanta sabon tsarin da ake kira Doi Moi, wato sabuntawa. A 1988 ta fitar da ƙudurin da ya mai da gida, ba gandu ba, ya zama tushen noma. A shekarar nan ƙasar na shigo da abinci daga waje, wasu lardunan Arewa na fama da yunwa. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1989, ta fitar da shinkafa fiye da tan miliyan ɗaya zuwa kasuwar duniya. Ƙasa ɗaya, manoma ɗaya, jam'iyya ɗaya. Abin da aka cire kawai shi ne hannun hukuma daga kan rumbun manomi. A 2023 abin da suka fitar ya haura tan miliyan 8, kuma su ne na biyu a duniya wajen noman kofi, bayan Barazil.

Dokar filaye ta 1993 ta ƙara wa abin gindi. A takarda har gobe ƙasa ta al'umma ce baki ɗaya, gwamnati ke riƙe da ita. Amma an ba manomi takardar shaida mai jan bango, wadda da ita zai iya sayar da haƙƙinsa, ya ba da haya, ya bar wa magada, ko ya kai banki jingina. Ɗaliban sashen safiyo da kula da filaye za su ga kamar sun san labarin, domin dokarmu ta 1978 ita ma ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Bambancin shi ne can an bi ƙauye-ƙauye an raba takardun ga miliyoyin gidaje cikin 'yan shekaru. Nan kuwa je ka tambayi manomin garinku ko yana da wata shaida ban da dagaci da maƙwabta.

Sai dai wannan jumla ta cewa ƙasa ta gwamnati ce, wuƙa ce da ke nan a kube. Duk ranar da aka so gina masana'anta ko rukunin gidaje, hukuma na iya karɓe gona, kuma shekara da shekaru tana biyan diyya a farashin da ita ta yanka, wanda bai kama ƙafar na kasuwa ba. Rigimar fili ce ta fi yawa cikin ƙorafin da 'yan ƙasar ke kai wa hukuma. A 2012 wani mai kiwon kifi a yankin Hai Phong, Doan Van Vuon, ya tare jami'an da suka zo tashinsa da bindigogin gida. Firaminista da bakinsa ya ce tashin ya saɓa doka, amma duk da haka mutumin aka yanke masa shekara biyar. A Janairun 2020 'yan sanda suka afka ƙauyen Dong Tam kusa da Hanoi kan rikicin fili, aka kashe dattijon ƙauyen Le Dinh Kinh, tsohon ɗan jam'iyya mai shekara 84, 'yan sanda uku su ma suka mutu, sannan aka yanke wa 'ya'yansa biyu hukuncin kisa. Kofin nan da ake yabo ma, a tsaunukan tsakiyar ƙasar ake nomansa, inda ƙananan ƙabilu suka yi zanga-zanga a 2001 da 2004 kan filayensu da addininsu, aka murƙushe su.

'Yar jarida Pham Doan Trang, wadda ta yi rubutu a kan Dong Tam, an ɗaure ta shekara tara a 2021. Ina so mu tsaya a nan kaɗan, mu da muke karanta mujallar ƙungiyar ɗalibai. A Biyetnam ƙungiyoyin ɗalibai da na matasa a ƙarƙashin jam'iyya suke, ƙungiyar ƙwadago ma haka. Wato ɗan'uwan da ke tsaye bakin hostal yana zagin gwamnati yana kiran a kawo tsarin Biyetnam, a tsarin da yake kira ɗin ba zai ƙarasa jimlarsa ba. Zancen rufe ƙofar makaranta don an ƙara kuɗin rajista kuwa, kada ma a fara.

Wai kuma a irin wannan mulki ba a sata. Kai jama'a! A 2024 kotu ta yanke wa attajira Truong My Lan hukuncin kisa kan wawure kimanin dala biliyan 12 ta hanyar banki guda, abin da aka ɗauki shekaru ana yi. Shugabannin ƙasa biyu sun sauka a jere, a 2023 da 2024, cikin guguwar yaƙi da rashawa da marigayi Nguyen Phu Trong ya jagoranta. Wani zai ce to ai ga shi ana hukunci. Na yarda, kuma abin a yaba ne. Amma kuɗi irin wannan ba ya ɓacewa a dare ɗaya. Ya ɓace ne a inda babu jaridar da ta isa ta yi tambaya tun ana miliyan na farko.

Ba ina cewa jam'iyyar ba ta tsinana komai ba. Da aka tashi raba gonakin gandu, an raba su kusan daidai bisa yawan mutanen gida, ba a bar masu uwa a gindin murhu sun kwashe ba, shi ya sa arzikin shinkafar ya ratsa har ƙasa. A 1993 kusan kashi 58 cikin ɗari na jama'a na cikin talauci, yau saura 'yan kaɗan ne cikin ɗari. A 1994 suka kammala babban layin wuta mai tsawon kusan kilomita 1,500 daga Arewa zuwa Kudu, kuma yanzu da wuya ka sami gidan da babu lantarki. A jarrabawar PISA ta 2012 yaransu 'yan shekara sha biyar sun wuce na Amurka da na Birtaniya a lissafi da kimiyya. Da Samsung ya zo kafa masana'anta a Bac Ninh, daga baya a Thai Nguyen, ya tarar da wuta, da hanya zuwa tashar jirgin ruwa, da matasan da suka iya karatu da lissafi. Amma a cikin waɗannan duka, wanne ne sai an ɗaure ɗan jarida kafin a yi shi? Dasa turakun wuta da biyan malamin firamare albashi ba sa buƙatar jam'iyya ɗaya. Suna buƙatar gwamnatin da za ta fara abu ta tsaya a kansa shekara ashirin, kuma wannan ana samunsa a ƙasashen da ake zaɓe, ana rasa shi a ƙasashen da soja ke mulki. Mu ma ai mun ɗanɗana mulkin soja kusan shekara talatin, wutar ba ta tsaya ba.

In da gaske koyi muke son yi, ga abin da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan kimiyya da fasaha. Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙwallon yazawa da aka ɓare. Amma yawancin ɗanyen da take ɓarewa ba ita ta noma ba, sayowa take yi daga Kambodiya da ƙasashen Afirka, ciki har da Kwaddibuwa da Gana da Nijeriya. Buhunan da ake tarawa a Kogi da Kwara da Oyo, da yawansu jirgi ke kwasa zuwa can, a fasa, a gasa, a zuba a leda, a sayar wa Turai da Amurka da tsada. Abin da ya ba su wannan matsayi har da injinan fasawa da ɓarewa da maƙeransu da injiniyoyinsu suka ƙera a gida, masu araha, waɗanda in sun lalace akwai mai gyara a unguwa. Yanzu har masana'antun Afirka ke sayen injinan daga wurinsu.

Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe a sassan injiniya na ƙera na'urori don cika sharaɗin difloma, a ba su maki, a tura na'urar bayan ɗakin gwaji ta yi tsatsa, baɗi wasu su sake ƙera irinta daga farko. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su kai wa hukumar makaranta buƙata guda: a zaɓi inji ɗaya, na fasa yazawa ko na casar shinkafa, a ce aji bayan aji shi za a riƙa gyarawa ana ingantawa, ana kai shi wurin masu sana'ar su gwada su faɗi aibinsa, har ya kai matsayin da wani zai ciro kuɗinsa ya saya. Mu da za mu fita bana mu bar zanenmu da lissafinmu a sashe, da sunan ajin da zai ɗora.