Farin Bango Ya Fi Dacewa Da Ɗakunanmu

Jama'a, da zarar an sayar da riɗi da dawa a kasuwar Gadarif, magidanta a Ƙala'at an-Nahal kan waiwayi gyaran gida. Nan gardama ke tashi a shagon fenti: mai duhu ko mai haske?

Masu son shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa suna da hujjarsu, domin baƙar lakar damina da hayaƙin gawayi ba sa nunawa a jikinsa. Amma fa ɓoye datti ba tsabta ba ce.

Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake yi. Inda lantarki ba shi da tabbas, fitilar sola ɗaya ta wadaci farin ɗaki. Haka kuma sauro ya fi son laɓewa a duhu. A farin bango, shi da kunama ba su da maɓoya.

Don haka 'yan kasuwa, ku shawarci mai saye ya shafa fenti mai duhu daga ƙasa zuwa mita 1, sama kuma farar ƙasa. Ga sauƙin kuɗi, ga lafiyar iyali.