Hadda Ba Ta Isa Ba: Kira Ga Masu Shirin Jarrabawar Aikin Gwamnati

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu da zarar mun gama bautar ƙasa, ƙofar aikin gwamnati za mu fara ƙwanƙwasawa. Kwanan baya na tarar da wani abokina yana ta haddar sunayen shari'o'i da shekarunsu daga takardun tsofaffin tambayoyi. Da na tambaye shi me kotu ta ce a ɗaya daga cikinsu, sai ya yi shiru. A ganina wannan karatu ne na aku, kuma yana da haɗari.

Dalili kuwa shi ne, waɗannan hukunce-hukunce na Kotun Ƙoli sun shafi rayuwar ma'aikaci kai tsaye. A shekarar 1981, a shari'ar Shitta-Bey da hukumar ma'aikatan tarayya, kotu ta ce ba a raba ma'aikacin gwamnati da aikinsa sai an bi ƙa'idojin da doka ta shimfiɗa, kuma ta ba da umarni a mayar da shi. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, ta soke korar wasu ɗalibai saboda ba a saurare su bisa adalci ba. Wannan haƙƙi a yau yana cikin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999.

Haka kuma a 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Jihar Legas. A watan Yulin 2024 ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanninsu. A 2014 kuwa, a shari'ar Ukeje, ta rushe al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, domin ta saɓa wa sashe na 42.

Wani zai ce, ai jarrabawa suna da shekara kawai take tambaya, me zai sa in wahalar da kaina? Gaskiya ne, hadda tana iya kai mutum ofis. Amma wa ke buga takardar kora? Wa ke sa hannu a riƙe kuɗi? Ma'aikaci ne. Ranar da maigida ya ba shi umarnin da ya saɓa wa doka, abin da ya fahimta ne zai tsare shi, shi da wanda za a zalunta.

Shawarata ita ce, a kowace shari'a mu nemi amsar tambayoyi uku: su wa suka yi ƙara, wane sashe ake jayayya a kai, kuma me ya sauya bayan hukunci. Ni da na koyi Hausa da girmana, na lura cewa abin da na iya bayyanawa da Hausa mai sauƙi, shi ne na fahimta. Ku gwada wannan a ɗakunanku. Allah ya ba mu sa'a, amin.