Inji Ba Ya Yashe Rijiya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jami'an gona da 'yan siyasa, wai abin da ya rage wa ƙaramin manomi ya rabu da talauci shi ne injin ban-ruwa. A raba injuna, a ɗauki hoto, a yi tafi, shi ke nan an sallami talaka. Mu ba mu yarda da wannan magana ba, domin kuwa abin da ke kashe lambun gandu a yau, sau da yawa, sakaci ne da ƙananan gyare-gyaren da babu mai yi musu biki.

Kada a ɗauka muna kukan jigo ne. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo tsaye a bakin rafi tun asuba yana ja yana juyewa, guga bayan guga, har ƙafadunsa su sage, ba zai yi fatan a koma can ba. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 1992, ya yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin bututu a fadamun Arewa, kuma ko shakka babu ya faɗaɗa noman rani. Tumatir da albasa da tattasai da ake saukewa a kasuwannin Legas da Ibadan shaida ne. To amma jigo yana da wata fa'ida guda da inji ya kawar: mai jan ruwa da hannunsa ya san nauyin kowane guga, saboda haka ba ya barin ɓaraka a magudana, ba ya kuma cika fangali har ya tumbatsa. Da inji ya zo, sai ruwa ya yi araha a ido, aka sakar masa tiyo yana malala, rabi ga shuka rabi ga ciyawa.

Shi kuwa injin ba ya yafe ganganci. Ƙaramin inji irin wanda ake ɗorawa a bayan babur ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, komai ƙarfinsa, don haka idan ruwan ƙasa ya ja baya a watan Maris sai ka ga manomi ya haƙa rami ya saukar da injin ciki yana bin ruwan. Idan bakin tiyo ba shi da rariya, yashi ya shiga ya cinye farfelar cikinsa. Idan aka tayar da shi babu ruwa a ciki, robar da ke tare yoyo ta ƙone. Idan aka ƙi canza baƙin mai, wata rana ya tsaya cak, kuma ba ya zaɓar rana sai wadda tumatir ya fara fure. Kwana kaɗan na ƙishirwa a wannan gaɓa sun isa su zubar da furen, su tafi da wahalar wata biyu. Duk abin da zai hana wannan asara bai kai kuɗin kwando guda ba, amma wa ya koya wa manomin? Wanda ya raba injin ya koma birni tun ranar rabo.

Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da ta ƙone tana tura ruwa ta tsagaggen tiyo hasara ce da ake ji a tukunyar gida. Yanzu ana ta yayata injin mai aiki da hasken rana, kuma muna maraba da shi. Sai dai farantin da ƙurar hunturu ta lulluɓe ba ya ba da wutar kirki, shi ma sai an goge. Wato dai an sake dawowa kan hannu da tsumma.

Wannan hali na son sabo da ƙin gyara bai tsaya a lambu ba. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, ta Alau kuma ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ta mamaye Maiduguri, bayan an daɗe ana kokawa a kan lalacewarta. A kwarin Haɗeja, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana duk shekara a hanyoyin da a da suke ƙafewa da rani, kacala ta samu wurin zama ta toshe su, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Za a ce mana laifin talauci ne, manomi ba shi da kuɗin gyara. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ita ke nan ba. Yashe rijiya, da toshe ramin ɓera a magudana, da tare kwazazzabo da duwatsu tun yana ɗan tsagi, hannuwa suke buƙata fiye da kuɗi. A da gandu ne ke ba da hannuwan, gayya ta cika sauran. Yau samarin gidan suna birni, wasunsu ma suna cikin azuzuwanmu, an bar tsoho da ƙananan yara. Ko a adabinmu, mawaƙan noma sun wasa gwanin huɗa da mai cika rumbu, amma da wuya ka ji an yi wa mai yashe rijiya kirari.

Saboda haka muna kira ga hukumomin raya aikin gona na jihohi da kada su sake raba inji ko guda sai tare da koyar da gyaransa, da makaniki a kusa, da kayan gyara a kasuwar ƙauyen. Ɗalibanmu kuwa da za su tafi gida hutu, kafin su yi wa Baba alkawarin sabon inji idan sun kama aiki, su fara zagaya lambun da ƙafa, su bi tiyo daga bakin rijiya har fangalin ƙarshe, su ƙirga wuraren da yake yoyo.