Maganin da Ake Ɓoyewa a Ƙarƙashin Katifa

A ɗakin awon ciki, bayan an ɗebi jini, malamar asibiti takan ja mace gefe ta sassauta murya. Idan gwaji ya nuna tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, sau da yawa ba maganar magani matar take fara yi ba. Cewa take: "Malama, don Allah kada maigida ya ji."

A nan ciwonmu yake. Magani akwai, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100, daga 15 zuwa 45 na iya ɗaukar cutar tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Idan tana sha yadda ya kamata, adadin ba ya kai 5. Ƙwaya ɗaya ce kullum, jariri kuma a ba shi na ruwa, a gwada shi in ya cika mako 6. Ta irin wannan hanya ce Kuba, a 2015, ta zama ƙasa ta farko da hukumar ta tabbatar ta shawo kan yaɗuwar cutar daga uwa zuwa ɗa.

To amma dubi matar da ke juye ƙwayoyinta cikin kwalbar maganin ƙarin jini don kada kishiya ta gane. Tana jego, ɗaki cike da 'yan barka, goggo na zaune bakin gado, sai ta tsallake na yau. Ranar karɓo magani kuma sai ta nemi izini da kuɗin mota wurin mijin da bai san komai ba. In tsallakewar ta yawaita, cutar ta sake ƙarfi a jininta, ta bi nono.

Binciken ƙasa na 2018 a Najeriya ya nuna cutar ta fi yawa ga mata. Su ne kuma ke zuwa awo, don haka su ake fara ganowa. Wanda aka fara ganowa ba lallai shi ya kawo ta gidan ba. Jifan mace da zargin lalata ba hujja ƙazafi ne, kuma tun 2014 doka ta hana nuna wa masu cutar wariya.

Maigida, raka ta awo, ka miƙa hannunka a ɗebi naka jinin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwar miji, jikanki ne a bayanta, ki zama mai tuna mata lokacin magani. Liman, faɗa wa jama'a cewa sakin mace don ta kamu da ciwo zalunci ne.

Ranar da uwa ta ajiye kwalbarta a fili kan durowa, ta sha a gaban mijinta, ranar ce jaririnta ya samu kariyar da asibiti kaɗai ba zai iya ba shi ba.