Filin Kimiyya: Hasken Hoton Haƙori

Wasu suna gudun hoton haƙori a asibiti, wai haskensa yana maƙalewa a jiki. To, ga yadda abin yake.

Cikin na'urar akwai kwalba da aka zuƙe wa iska, da siririyar waya. Idan lantarki ya gasa wayar, sai ta saki ƙwayoyin lantarki. Ƙarfin bolt kamar 70,000 ya fizge su, su daki wani ƙarfe. Wajen kashi 99 cikin 100 na ƙarfinsu zafi yake zama. Ragowar shi ne haske marar ganuwa, mai ratsa tsoka, wanda Bajamushe Rontgen ya gano a 1895.

Da an katse lantarki, hasken ya ɗauke ɗungum. Saboda haka idan likita ya nemi hoto, a amince, kada ruɓa ta cinye tushen haƙori a ɓoye.