Bar ɗanka ya karanci zaman mutane

Ɗan'uwa mai karatu, wata rana ɗanka zai ci bak, ko ɗiyarka. Kai kana so ya zama likita ko injiniya. Shi kuwa ya ce sosiyoloji zai karanta a jami'a, ko anturopoloji. Sunayen ma sun yi wa baki nauyi. Amma kada ka yi saurin cewa a'a.

Mi ake koyo a ciki? Sosiyoloji shi ne ilimin zaman jama'a: aure da saki, gado, kasuwa, sarauta, tafiya cin rani. Anturopoloji ɗan'uwansa ne. Mai yin sa yakan zauna cikin mutane wata da watanni, ya ci tuwonsu, ya saurare su, ya rubuta al'adunsu. Ana koyar da wannan ilimi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. A Sakkwato ma, nan kusa da mu, akwai sashen sosiyoloji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Za ka ce: "Zaman mutane kuma sai an je lakwal? Ai kowa ya san shi." To, dubi gandarin noman rani na Ƙonni. Injiniyoyi sun tare ruwan Magiya a Mozage da Zango, sun ja shi har gonaki, fiye da hekta 2,000. Aikinsu ya yi kyau. Amma wa zai sha ruwa yau, wa zai jira gobe? In mai gona ya rasu ya bar ɗiya goma, wa zai gaji fegin? Don mi wani yake biyan kuɗin ruwa, wani ya ƙi? Mata nawa ne suke da fegi da sunansu? Siminti ba ya amsa waɗannan tambayoyi. Manomi ya san abin da ke faruwa a gefen gonarsa. Wanda ya zagaya gandarin duka, ya ji bakin manomi ɗari, shi ne zai ga inda zaren ya sarƙe.

Ga wani misali. A 2006 gwamnati ta ce a yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta. Daga baya iyaye suka riƙa zuwa asibiti, ba magani. Masu bincike na LASDEL, wata cibiya da aka kafa a Yamai a 2001, suka shiga asibitoci suna tambaya. Suka nuna cewa kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitocin ba ya zuwa kan lokaci. Ka ga, laifin ba na mai ba da magani ba ne kullum.

An daɗe ana rubutu a kanmu. Wata Bafaransa, Nicole Echard, ta yi shekaru tana zuwa Adar, ta buga littafi kan bori a 1989. Ta yi ƙoƙari. Amma da faransanci ne, kuma mutum nawa suka gan shi a Ilela? Ɗan ƙasa, Jibo Hamani, ya rubuta tarihin Adar a 1975, bayan ya zauna gaban tsofaffi yana tambaya. Yau jami'ar Tawa sunansa gare ta. Ɗan Ƙonni ba ya buƙatar tafinta in ya je Masalata wurin masu arwa, ko kasuwar albasa ta Galmi.

Gaskiya ɗaya dai: aiki ba ya jiran mai wannan takarda a bakin ƙofa. Wasu suna koyarwa, wasu suna aiki da ƙungiyoyin raya karkara, wasu kuwa suna daɗewa a gida. Ku zauna da yaron, ku yi wannan lissafi tun kafin ya hau mota.

In ya tafi, ka sa masa sharaɗi. Duk abin da ya rubuta kan garinku, ya dawo ya karanta maku shi da Hausa a dandali. Yanzu da ka iya karatu, ka karɓi takardar ka duba da idonka. Inda ya yi kuskure, ka gyara masa.