A sa wa biyan haƙƙin mazan jiya wa'adi a doka

Ranar 27 ga Maris, 2024, aka binne sojoji 17 a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Su ne aka yi wa kisan gilla makonni biyu kafin nan a ƙauyen Okuama na Jihar Delta, cikinsu har da kwamandan bataliyarsu, Laftanar Kanar Abdullahi Hassan Ali, da manjo biyu da kyaftin ɗaya. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya shaida wa mahalarta cewa mamatan sun bar mata goma, uku daga cikinsu da juna biyu, da marayu 21. Shugaba Bola Tinubu, wanda ya halarci jana'izar da kansa, ya yi wa kowane iyali alkawarin gida da ɗaukar nauyin karatun 'ya'ya har jami'a, sannan ya ba da umarni a biya su haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Ba mai hankalin da zai ce bai kyauta ba. Sai dai wannan umarni kansa ya tona asirin tsarin, domin da a ce al'amura na tafiya yadda ya kamata, ai da shugaban ƙasa bai buƙaci buɗe baki ba kafin matar da ke takaba ta karɓi abin da mijinta ya saya mata da ransa.

Tambayar ita ce, ina makomar iyalin kurtun da ya faɗi a Malam Fatori ko Damboa ko dajin Birnin Gwari, aka binne shi ba kyamara, ba minista, ba jawabi? Shi ma jini ya zubar, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da Majalisar Tarayya za ta mai da waccan kwana 90 doka mai hawa kan kowa, a rubuta wa'adin biyan kowane haƙƙi na tsohon soja da iyalin mamaci, a kuma rubuta abin da zai biyo baya idan wa'adin ya wuce. Muddin ranar biya tana hannun wanda ke kan kujera, haƙƙin zai ci gaba da zama alfarma da ake roƙo.

Tanadi dai akwai shi, kuma adalci ne a faɗa. Akwai Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja, wadda ke biyan fansho da garatuti. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin fanshon karo-karo a 2004 an jefa sojoji a ciki, amma gyaran dokar da aka yi a 2011 ya fitar da su, gwamnati ta koma ɗaukar nauyin fanshonsu kacokan. Akwai inshorar rai ga wanda ya rasu yana bakin aiki, da kuɗin jana'iza, da tallafin karatu ga 'ya'yansa. Akwai kamfanin DHML da ke kula da inshorar lafiyar sojoji da waɗanda suka yi ritaya. Akwai cibiyar koyar da sana'o'i ta Oshodi a Legas, inda masu shirin ajiye kaki kan yi wata shida suna koyon kiwo ko ɗinki ko walda. Sama da duka akwai sashe na 173 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa, ya kuma ce a riƙa duba shi duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka gyara albashi, wanda duk ya riga zuwa. A takarda, tsohon sojan Nijeriya ba shi da abin kuka sosai. Abin da takardun suka gaza tabbatarwa shi ne ranar da kuɗin zai shiga hannu.

Shaida kuwa tana ƙofar Ma'aikatar Kuɗi. A watan Disambar 2024, sannan kuma a farkon Janairun 2025, tsofaffin sojoji suka toshe ƙofar ma'aikatar a Abuja. Suka kafa rumfuna, suka jera kujeru, suka shimfiɗa tabarmi, dattawa masu furfura, wasu da sanda a hannu, suka ce ba mai shiga ba mai fita. Ba wani sabon abu suka nema ba. Ariyas ɗin ƙarin fansho ne da gwamnati ta riga ta amince da shi, da tallafin rage raɗaɗin cire tallafin mai, da alawus ɗin da ake ba soja idan ya bar aiki don kada ya yi amfani da horonsa a kan ƙasa. Abin lura a nan shi ne yadda kuɗin suka riƙa fitowa: bayan zaman farko aka biya wani ɓangare, bayan na biyu saƙon banki ya fara shiga wayoyi. Ke nan kuɗin ba ɓata suka yi ba, jira suke a tayar da ƙura. Gwamnatin da ke biya sai an toshe mata ƙofa tana koya wa mutanen da ta horar da riƙe makami cewa haƙuri ba ya biya, kuma wannan darasi ne mai hatsari. Ga kuma lissafin da ba a cika yi ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, don haka duk wanda aka riƙe wa kuɗi shekara guda, an ci kusan rubu'in darajarsu ba tare da an taɓa ko kwabo ba. A ƙarshen 2023 ma an sanar da amincewa da naira biliyan 18 don biyan kuɗin inshorar rai da iyalan mamata suka yi shekaru suna bi. An yi ta tafi. Amma naira ta shekarar da sojan ya mutu da naira ta ranar biya ba ɗaya ba ne, kuma maraya ne ya cike giɓin.

Tsohon soja ma yana da murya da abokai da ƙungiya. Matar mamaci ita ce ta fi shiga uku. Sau da yawa yarinya ce 'yar shekara ashirin da wani abu, da goyo a baya, karatunta bai yi nisa ba. Za a ce ta kawo takardar shaidar mutuwa daga rundunar mijin, da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da hotuna, da lambar BVN da ta NIN. Idan harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke banki da wanda ke fayil, an koma farko. Rundunar tana Borno, ofishin da ke riƙe da fayil yana wani gari, masu sa hannu na ƙarshe suna Abuja, ita kuma tana Zuru ko Biu, kuma kuɗin mota kawai ya isa ya cinye abin da ta samu na gaisuwa. Ana cikin haka sai a tuna mata cewa ɗakin bariki na mai aiki ne, ta shirya tashi. Sai kuma batun magaji, wanda ya fi damun mu a Arewa. Yaro kan shiga soja yana saurayi, ya rubuta sunan mahaifinsa ko wansa a matsayin wanda za a tuntuɓa, ya yi aure, ya ƙara, ya haihu, bai taɓa komawa ya gyara fayil ba. Ranar da ta Allah ta kasance, kuɗi su faɗa hannun wanda sunansa ke rubuce, shi kuma ya ɗauka nasa ne. A shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, rubuta sunan mutum a wannan gurbi bai mai da shi mai gado shi kaɗai ba. Amma wace bazawara ce ke da ƙarfin kai wan mijinta kotu?

Don haka dokar da nake magana a kai ba ta buƙatar tsawo. Ta ce daga ranar da runduna ta tabbatar da mutuwar soja, ko ranar da ya ajiye aiki, akwai kwana 90 a biya. Idan aka wuce, kuɗin su ƙaru daidai da yadda farashi ya tashi, kuma a san jami'in da fayil ya kwana a teburinsa. Kada a tashi iyali daga bariki sai an biya su. A wajabta wa kowane soja sabunta sunayen matansa da 'ya'yansa duk shekara, da kuma kafin a tura shi fagen daga. A buɗe tebur ɗaya a kowace jiha inda za a karɓi takardu a bi su har ƙarshe, da ma'aikacin da ke jin harshen mutanen wurin. Sannan duk wata uku a buga adadin fayilolin da ke jira da tsawon jiransu. Wanda ya rasa ƙafa, ko ya dawo daga Sambisa ba ya iya barci, shi ma a rubuta masa abin da zai samu bayan an sallame shi daga asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, domin rauni ba ya ritaya.

Za a ce ina kuɗin? Ƙasa na fama da bashi, gaskiya ne. Amma dokar ba ta ƙirƙiri sabon haƙƙi ba, wanda aka riga aka yi alkawari ne take sa wa rana. Kuma ƙa'idojin aikin soja da aka sa wa hannu a ƙarshen 2024, kamar yadda jaridu suka ruwaito, sun tanadar wa manyan janar-janar masu ritaya motoci da masu hidima da dubban daloli na duba lafiya kowace shekara. Ba na ƙyashin janar, ya yi aikinsa. Sai dai baitulmalin da ya iya ɗaukar wannan ba zai ce garatutin kofur ne ya karya masa baya ba. Akwai ma lissafin tsaro. Sojan da ke Marte a yau yana da waya, yana ganin hotunan magabatansa kwance a ƙofar ma'aikata, yana jin labarin matar abokinsa. Da wace zuciya zai tsaya? Tarihi ma ya yi gargaɗi. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojojin da suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu suka nufi fadar gwamna a Accra don neman haƙƙinsu, aka harbe uku daga cikinsu, kuma tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta ƙarshen mulkin mallaka a Ghana.

Za a kuma ce jinkirin na tantancewa ne, saboda 'yan fanshon bogi. Wannan hujja tana da nauyi, domin ƙasar nan ta ga yadda aka yi wa kuɗin fansho wasoso, har kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara takwas a 2021. Amma a lura da wanda aka ɗaure: babban jami'i ne, ba bazawara ba. Sunan bogi daga cikin ofis yake shiga jerin biya. Kuma soja ba baƙo ba ne ga rundunarsa. Tana da lambarsa da hotonsa da zanen yatsunsa tun ranar da ya shiga Defot a Zariya, ita ta tura shi inda ya mutu, ita ta binne shi. Idan wata uku bai ishe ta tabbatar da shi ba, matsalar ta ajiyar bayanai ce, kuma wa'adi ne zai tilasta gyara ta.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta talakan da ke cewa, me ya sa soja kaɗai? Malamin firamare ya yi shekara 35 yana koyarwa, ya mutu yana bin garatuti. 'Yan sandan da suka yi ritaya suna ta kukan a fitar da su daga fanshon karo-karo. Wani ma zai ƙara da cewa bai manta abin da sojoji suka yi a Zariya a 2015 ba, bai manta na Tudun Biri a 2023 ba. Duk gaskiya ne, kuma ba a nemi kowa ya manta ba. Wanda ya yi laifi a hukunta shi, waɗanda aka zalunta a biya su diyya, amma marayan da ubansa ya mutu yana gadin wani ƙauye a Zamfara ba shi ya aikata ba. Game da malami kuwa, shi ma ya cancanci wa'adi, kuma idan dokar ta kafu a wuri ɗaya zai fi sauƙi a faɗaɗa ta. Abin da ya sa a fara da soja shi ne, ma'aikaci ne da ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba ya yajin aiki, ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama, kuma idan aka ce ya shiga inda ake mutuwa ya ƙi, kotun soja ce ke jiransa. Ƙasar da ta karɓe masa duk hanyoyin neman haƙƙi, wajibi ne ta biya shi ba sai ya nema ba. A nan ya kamata a tuna da 'yan kato da gora na Borno da sauran 'yan sa-kai da suka mutu kafaɗa da kafaɗa da sojoji, waɗanda iyalansu ba su da ko fayil ɗin da za su bi.

Kowace shekara, kafin 15 ga Janairu, ranar da aka keɓe don tunawa da mazan jiya saboda ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnoni kan ƙaddamar da sayar da bajo, a sanar da gudummawar miliyoyi ga ƙungiyar Nigerian Legion, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Ba laifi ba ne, sadaka ce, kuma mai sadaka yana iya fasawa. Majalisar Dattawa da ta Wakilai duka suna da kwamitocin tsaro da na sojan ƙasa, kuma jihohin da suka fi binne sojoji a shekaru goma sha biyar ɗin nan suna da wakilai a cikinsu. Duk mai karatun da ke da ɗan majalisa, ya tambaye shi kafin a sake sakin tantabaru: yaushe zai kai ƙudirin kwana 90 gaban zaure?